Kwana ukun da bai kwana ba

Tun ina ƙarami tsohuwata take cewa bakin nan nawa sai ya ja mini wata rana. Na yi ta jira ya ja mini duka ko ɗauri, shiru. Da ya tashi ja mini, babu wanda ya taɓa lafiyar jikina, kuma da an ba ni zaɓi, dukan zan ɗauka.

Shekara goma sha tara na yi a bakin teburin wani ɗan otal a Gure. In na ce otal kada ka hango bene da gilashi. Ɗaki tara ne a jere kamar shagunan kasuwa, kowane da bantilaten sa, wato fanka, kowane bantilate da irin ciwon sa. Wani tari yake, wani nishi, wani kuma sai ka zungure shi da sanda yake tuna abin da aka saye shi ya yi. Sauron mu kuwa, in ya cije ka sai ya tsaya ya tambaye ka ko kana da ƙane. Aikina shi ne in ba baƙo lakile, wato makullin ɗaki, in rubuta shi a kaye, littafin baƙi, in karɓi kuɗi, in kuma yi masa surutu har ya manta da zafin ɗakin.

Mai wurin, Alhaji, asalin sa fatoma ne. Wato irin mutanen nan da masu dabbobi ke sauka gidan su in sun zo kasuwa, su ba ka tabarma da tuwo, su raka ka kara su tsaya maka a ciniki, su ci la'adar su. Da 'yan proje, ma'aikatan ƙungiyoyin raya ƙasa, suka fara yawa a gari suna neman wurin kwana mai ƙofa da makulli, sai ya rushe zaurukan ya zuba siminti ya ce ya zama mai otal. Masu dabbobi suka watse, don ba su saba biyan kuɗin barci ba. Mutum ɗaya ne bai watse ba, wani tsohon Bafillace daga rugagen wajen Bune. Shi ya ce uban Alhaji ne ya sauki uban sa, saboda haka ko coci aka mai da gidan, nan zai kwana. Alhaji ya ware masa ɗakin ƙarshe, na tara, wanda ke kusa da randa, ya yanka masa jikka biyu a dare, alhali kowa shida yake biya. Duk jajibirin kasuwa sai ka gan shi ya shigo da sandar sa a kafaɗa, siriri kamar an zana shi da bik ɗin rubutu.

Ni kuwa Babarbare ne gaba da baya, a gida Barbarci, a titi Hausa. Kowa ya san abin da ke tsakanin mu da Fulani. Ba mu gaisawa sai da zagi, kowa na cewa ɗan'uwan sa bawan kakan sa ne, kuma wanda ya yi fushi shi ya faɗi. Ranar da na fara aiki ya dube ni sama da ƙasa ya ce wa Alhaji, "Wannan nawa ka saye shi? An cuce ka." Tun daga ranar muka ƙulla.

Wasan da na fi ƙwarewa a kai shi ne na fatura, takardar kuɗin da ake bin baƙo. Duk zuwan sa sai na yago takarda daga littafin otal na gaske, in cika ta, in buga mata tampo, hatimin otal, in miƙa masa da fuskar ma'aikacin duwan mai karɓar haraji a kan iyaka. Kuɗin iskar da ya shaƙa a ɗaki, jikka arba'in. Kuɗin minsharin da ya tsorata baƙon ɗaki na takwas, jikka ɗari. Kuɗin kallon bantilate, tunda a rugar su babu. Wata rana har kuɗin inuwar sa na sa, na ce ta kwana ita ma ba ta biya ba. Shi kuma sai ya karɓa, ya juya ta ƙasa a sama da gangan, ya yi kamar yana karantawa, ya ce, "Babarbare, bawana, zan biya ka ranar da ka tatsi saniya ba ta harbe ka ba." Ya ninke ta ya cusa a hula. In watan cika-ciki ya zo na tare shi da kuɗin shara, wanda abokin wasa ke bin abokin wasa, sai ya laluba ya ciro dala biyar mafi tsufa a ƙasar Nijar, ya jefa ƙasa ya ce, "Duƙa ka ɗauka, aikin ku ne." Ni kuma in duƙa in ɗauka ina tsine wa shanun sa ɗaya bayan ɗaya.

Matar sa sau biyu kawai na taɓa ganin ta, amma ita ma ta shiga wasan. 'Yar tsohuwa ce mai ƙaramar murya. Na ce mata ta bar wannan ƙashin ta zo birni in aure ta, ta rufe baki da gefen zane ta ce sai na fara wanke zanen fuskata tukuna. Daga nan na sa mata amaryata. Duk zuwan da zai yi, a cikin tsarabar Alhaji akwai cuku biyu da aka naɗe daban, ya ajiye mini a tebur ya ce, "Ga na mijin banza." Shekara da shekaru haka.

Sai Alhaji ya rasu, Allah ya jiƙan sa. Ɗan sa ya dawo daga Yamai ya karɓi wurin. Ba zan yi masa ƙarya ba, yaron kirki ne. Ya gyara rufi, ya sa mana fanon wutar rana saboda yankewar kuran, wato lantarki, albashina bai ƙara kwana ba. Kuma ya tarar da wata cuta da ta daɗe tana cin mu: mutum ya kira waya daga Damagaram ko Difa ya ce a riƙe masa ɗaki, mu kori baƙi saboda shi, shi kuma ko ƙeyar sa. Alhaji in an yi masa haka sai ya ce Allah ya kawo wani. Ɗan ya ce Allah ya riga ya kawo wani, mu muka kore shi. Ya buga takarda da Faransanci ya manna a bango bayan kujerata: wanda ya sa aka riƙe masa ɗaki, ya zo ko bai zo ba, zai biya kwanakin, cikakken kuɗi. Na tambaye shi, tsofaffin baƙi fa? Ya ce jikka biyun Bafillace tana nan yadda Baba ya bari, ba zai taɓa ta ba, amma riƙe ɗaki doka ɗaya ce ga kowa, in ya fara cire mutum ɗaya gobe duk gari tsofaffin baƙi ne. Na ce to. Dama tsohon bai taɓa cewa a riƙe masa ɗaki ba, zuwa kawai yake.

Da damina ta tsaya, wani proje na kafe tudun yashi ya kawo taro Gure, kwana huɗu. Suka kama ɗaki takwas, suna neman na tara ido rufe. A safiyar da za su iso wayata ta yi ƙara, lambar da ban sani ba. Na ɗauka sai na ji muryar sa can nesa, yana ihu kamar yadda masu aron waya ke yi.

"Babarbare! Kana raye?"

"Ina raye, bawan kakana. Wa ya ba ka waya? A karɓe kafin ka tatse ta."

Ya ce in riƙe masa ɗakin sa, gobe zai zo, kwana uku zai yi. Na ce ai kasuwa da saura. Ya ce ba kasuwa ba ce, tsohuwa zai kawo likita, ciki ya dame ta tun bazara. Na ce a gaya wa amaryata ta kwantar da hankali, ciwon zama da Bafillace ne, da ta ga fuskata za ta warke. Na ji dariyar sa.

Na rufe bakin wayar da hannu na leƙa na gaya wa ɗan Alhaji. Ya ɗan sosa ƙeya, don 'yan proje jikka shida-shida za su ba shi a take. Sannan ya ce, "A riƙe masa. Amma ka gaya masa dokar, ka gaya masa da kyau."

Na gaya masa. Wallahi na gaya masa, kalma ba ta faɗi ba. Na ce, "Saurara da kunnen nan naka mai kama da na zomo. Sabon patron ya kafa doka, in an riƙe maka ɗaki, ka zo ko ba ka zo ba, jikka shida kowane dare. Kwana uku jikka goma sha takwas." Amma da wace murya na faɗa? Da muryar da na shekara goma sha tara ina karɓar kuɗin inuwa da ita. Ya ce, "Ka haɗa da na iska, in biya gaba ɗaya." Ya kashe.

Na san bai ɗauka da gaske ba. A lokacin na sani, ba daga baya ba. Na riƙe wayar ina duban lambar, na ce bari in sake kira in ce, Baffa, ban da wasa. Sai na ji abin ya yi mini nauyi a baki. Ban taɓa ce masa Baffa ba, ban taɓa yi masa magana a miƙe ba, ban ma san ta inda ake farawa ba. Na ce a raina, ai gobe zai zo, dokar ba za ta taɓa shi ba. Na ajiye waya na tafi neman wa 'yan proje ƙanƙara.

Gobe ta yi bai zo ba. An kwana ana ruwa ta kudu, na ce hanya ce. Jibi ma shiru. Na kira lambar, babu rezo, waya ba ta shiga. Kowace safiya ɗan Alhaji sai ya dubi lakilen ɗaki na tara a jikin ƙusa, ya dube ni. Wani ɗan proje yana kwana a kan tabarma a ɗakin abokin sa, kullum sai ya tambaye ni wane minista ne aka riƙe wa ɗakin can. Na ce ministan nono ne, jirgin sa ya makara.

Rana ta huɗu bayan azahar, 'yan taron sun fito shan shayi ƙarƙashin dogon yaron tsakar gida, su wajen goma sha biyar. Ni kuma na samu kasuwa, ina ba su labarin yadda ƙaton sauro ya taɓa ɗauke wani jandarma daga ɗaki na uku. Sai ga shi ya shigo. Rigar sa duk busasshen taɓo har gwiwa. Sanda a hannu, ba a kafaɗa ba. Ƙarƙashin hammata tabarma a naɗe, ɗaya hannun kuma ƙunshin kaya a cikin zanen mace. Na ga zanen. Idona ya gani sarai, kaina ne bai tsaya ya tambaya ba, don ga jama'a, ga abokin wasa ya faɗo hannu.

Na miƙe na buga ƙafa kamar soja. "Jama'a, ga ministan! A tashi a gaishe shi!" Aka fashe da dariya. Na ce, "Kwana uku muna jira, mun share gari, mun yanka sauro biyu. Ina amaryata?"

Ya ajiye tabarmar a hankali ya jingina da bango. Ya ce, "Ba ta zo ba."

"Ta yi hankali! Na san za a rina, wa zai bi ka cikin taɓo? Ka ce mata ta kwantar da rai, ni zan zo da mota kat-kat in ɗauko ta."

Ya ɗan motsa baki, wani abu mai kama da murmushi. Ya zauna a bencin gaban teburina ya ce in ba shi ruwa. Na ba shi, ya shanye moɗa biyu. Faturar tana nan cikin kaye, ɗan Alhaji ya sa na rubuta tun safe. Littafi ɗaya, tampo ɗaya, rubutun hannuna ɗaya da na duk shekarun nan. Na san ta gaske ce, kuma ban san yadda zan ba shi ita a miƙe ba, sai na fake da abin da na iya. Na gyara murya na karanta da ƙarfi don 'yan shayi su ji: "Kwana uku da ba a kwana ba, jikka goma sha takwas. Barcin da ba a yi ba ya fi tsada, don sabo ne fil."

Ya karɓa. Ya juya ta ƙasa a sama. Ya yi dariya, dariya ta gaske, har kafaɗun sa na rawa, har ya share ido da bayan hannu. Ya ce, "Kai, Babarbare. Allah ya bar mini kai." Bai taɓa ce mini haka ba. Ya ninke ta zai sa a hula.

Daidai nan ɗan Alhaji ya fito daga biro, ofishin sa. Ya durƙusa ya gaishe shi yadda ya kamata, ya yi masa ya hanya. Sannan cikin ladabi ya ce, "Baba, sai dai haƙuri, wannan takardar ba ta wasa ba ce. Mun riƙe ɗakin kwana uku, mun hana waɗannan baƙin. Na ce a sanar da kai tun a waya."

 Tsohon ya sauke hannun sa daga hula. Ya buɗe takardar, wannan karon ya riƙe ta daidai, ko da yake ba karatun boko ya iya ba. Bai dubi ɗan Alhaji ba, ni ya duba.

"Da gaske ne?"

Da na ce masa, bar shi, ni zan biya, da shi ke nan. Da na ce, zo mu shiga ciki mu yi magana, da shi ke nan. Akwai magana dubu a duniya, ni da ban taɓa rasa ta faɗa ba. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ai na gaya maka a waya."

Ya gyaɗa kai ya ce, "Ka gaya mini."

Ya kwance ƙunshin nan, ya ciro kallabi mai ƙulli a gefe, ya sa haƙori ya warware. Kuɗi ne a nannaɗe, sun sha gumi. Ya ƙirga goma sha takwas a kan teburina, ɗaya bayan ɗaya, yana danne kowace da yatsa don kada iska ta ɗauka. Ɗan Alhaji ya ce ɗakin na nan a share, ya shiga ya huta, daren yau kyauta ne. Ya ce ya gode, yana da wurin da zai je. Ya ɗaure kayan sa, ya ɗauki tabarma. Har ya kai ƙofa ya dawo, ya laluba aljihu ya ajiye mini cuku biyu a naɗe daban. Ya ce, "Ta ce a ba ka." Ya fita.

Na ce wa 'yan proje fushin Fulani ne, kwana ɗaya yake, gobe zai dawo ya ce in biya shi kuɗin taɓon da ya kawo mana. Suka yi 'yar dariya suka koma taro.

Washegari da safe na je tasha sayen burodi, na tarar da sofa, wato direban motar da ke bin hanyar Bune, kwance ƙarƙashin ta yana ɗaure wani abu da waya. Sanin juna muke. Na shure ƙafar sa na ce, "Kai ne ka riƙe mana minista kwana uku? Wannan akwalar taka ko jaki ya fi ta." Ya fito yana share hannu, bai yi dariya ba. Ya ce, "Ya sauka wurin ku? Yaya ya kwana? Wallahi tsohon nan ya ba ni tausayi."

Na ce tausayin me.

Ya dube ni kamar na yi sabo. Ya ce ƙarfen ƙafar motar ne ya karye musu a tsakanin tuddai tun ranar farko, babu rezo, sai da aka aika mai raƙumi. Kafin a kawo wani, ruwa ya sauko ya cika kwarin da ke gaban su, ba hanyar wucewa. Matar tana kwance a inuwar mota a kan tabarma, tun tana magana har ta daina. A rana ta biyu da la'asar ta cika. Mutanen wani ɗan ƙauye masu lambu a kwarin su suka zo, matan su suka yi mata wanka, aka sallace ta aka rufe ta a gefen dabinai. Ya ce da aka gyara mota ya tambayi tsohon ko a nema masa mai mai da shi gida, ya ce a'a, a kai shi Gure tukuna, yana da mutane a can, yana so ya kwana ɗaya a wurin su kafin ya iya fuskantar 'ya'yan sa.

Ban san inda na bar burodin ba. Na san dai na zauna a kan wata tsohuwar taya, sofan yana ta magana, ni kuma abin da nake ji kawai shi ne muryata tana cewa ta yi hankali, wa zai bi ka cikin taɓo.

Bafillace ba ya shigowa gidan mutane ya ce matata ta mutu. Sai ka zaunar da shi, ka ba shi ruwa, ka yi ta gaisuwa kana sakewa, ka tambayi gida da shanu da hanya, can sai ya faɗa maka a gefen magana kamar ba komai ba. Na san haka, a cikin su na girma. Alhaji da yana raye da kallo ɗaya zai yi wa zanen nan ya kore kowa daga tsakar gida.

Na koma na gaya wa ɗan Alhaji. Ya riƙe kai da hannu biyu ya daɗe, sannan ya ce, "Me ya sa bai faɗa ba?"  Ya buɗe akwati ya ƙirgo sha takwas ɗin, ya ƙara goma ta gaisuwa, ya ce in nemo shi duk inda yake. Na zaga kara, na zaga masallatai. Wani mai shayi ya ce ya gan shi ya kwana a rumfar dillalai, da asuba ya bi masu amalanke.

Ranar sadakar bakwai na shiga motar sofan nan. Da muka kai kwarin, ruwa ya janye, ya tsaya ya nuna mini wurin. Ɗan tudu ne da ƙaya a kai, ga rogo da rake kore shar a ƙasa, wani mutum yana ban ruwa. Na yi mata addu'a. Na so in ce mata wani abu irin namu, na rasa.

A ruga aka karɓe ni kamar gwamna. Aka shimfiɗa mini sabuwar tabarma, aka kawo nono a ƙwarya mai faifai, aka yanka ɗan akuya. Ya fito ya ba ni hannu biyu ya ce, "Malam, sannu da hanya. Ka sha wahala."

Malam. Na waiwaya in ga ko wani ne a bayana.

Na yi masa gaisuwa, na ce Baffa ka yafe mini, ban sani ba. Ya ce babu komai, ai ba ka sani ba, kwana ne ya ƙare. Na fito da kuɗin na ce ga saƙon ɗan Alhaji, ya ce kuskure ne, a yi haƙuri. Ya ture su da bayan hannu a hankali. Ya ce an riƙe ɗaki, an hana wasu, haƙƙi ne, ya biya. Ya ce dama kuɗin likitan ta ne, ɗan maraƙi ya sayar, kuma ba ta bukatar su yanzu. Na yi magiya har na gaji. Ƙarshe ya ce in na matsu in yi mata sadaka da su a Gure.

Da zan tafi na gwada. Na ga takalman sa a bakin bukka, na sunkuya na ɗauke ɗaya na sa a hammata ina tafiya a hankali, ina jiran in ji, ɓarawo, Babarbare, halin ku ne. Da can da sai ya biyo ni da sanda har mota. Na waiwaya. Yana tsaye yana kallona, ya ce wa babban ɗan sa, "Kawo wa Malam ɗayan, wataƙila yana so." Na dawo na ajiye masa a inda na ɗauka.

Ɗan Alhaji ya cire takardar bangon ya sake bugawa. Ya ƙara layi a ƙasa cewa wanda hanya ta riƙe ba ya biya, kuma ya ce mini daga yau duk baƙon da ya makara a fara tambayar sa lafiya kafin a buɗe kaye. Doka ce mai kyau, mutane da yawa sun ci amfanin ta. Ɗaki na tara kuwa kowane jajibirin kasuwa sai mu bar shi a rufe har magariba, ba tare da mun yi shawara da juna ba. Bai zo ba. Yana zuwa kasuwa, amma a rumfar dillalai yake kwana, a ƙasa, cikin warin dabbobi. In mun haɗu sai ya tsaya ya gaishe ni da kyau. Malam ina aiki, ina iyali, ina maigidan ka. Na ce masa ɗakin sa na nan, ya ce ya gode, ya saba da nan ɗin.

Da watan cika-ciki ya kewayo na shirya tun safe. Na same shi a kara yana duba haƙoran wani bijimi. Na tsaya gaban sa, na tattaro duk rashin kunyar da Allah ya ba ni, na miƙa hannu na ce, "Bawan kakana, kuɗin shara." Dillalai suka juyo suna murmushi, suna jiran a fara.

Ya saki bakin bijimin ya goge hannu a riga. Ya sa hannu a aljihu ya daɗe yana zaɓe, ya ciro jikka guda sabuwa, ba ko lanƙwasa. Ya miƙo mini da hannu biyu, a tafin hannuna, ya ce, "Ga shi, Malam. Ya isa, ko da saura?"

Na ce ya isa.